"Kowa ya bar gida, gida ya bar shi": ta hau kan Bernard Shaw kuwa?

Baban Sadiya: Jama'a, ga karin maganar yau: "Kowa ya bar gida, gida ya bar shi." Mu auna ta da George Bernard Shaw, marubucin wasan kwaikwayo. A Dublin, babban birnin Ireland, aka haife shi a 1856. Ya tafi Landan a 1876 yana ɗan shekara 19, bai sake taka Ireland ba sai 1905, kuma a Ingila ya rasu a 1950. Shekara 74 ke nan a waje. A ganina gida ya bar shi, marubucin Birtaniya ne.

Malama Ta Zazzau: Baban Sadiya, ka ɗora wa karin maganar kayan da ba nata ba. Matafiyi ake yi wa ita, in ya fara kukan rashin tuwon gida, ko ya shiga rigima babu mai tsaya masa, ko ya dawo ya tarar an raba gona ba da shi ba. Abin da ke barin mutum shi ne gata da rabo da ta-cewa. Asali ba ya ciki. Bakano ya shekara 40 a zangon Kumasi, har gobe Bakano ake kiran sa.

Ɗan Lauya: Gaskiyarki Malama, amma ta fuskar doka yana da ɗan abin kamawa. Tun 1 ga Janairu, 1801 aka haɗe Ireland da Birtaniya suka zama daula ɗaya mai majalisa ɗaya a Landan. Sai a Disamba 1922 kudancin tsibirin ya samu gwamnatinsa. Don haka ranar da aka haifi Shaw, talakan sarautar Birtaniya ne, tafiyarsa Landan ma bai ƙetare iyakar ƙasa ba. Inda masu fassara ke yin ɓarna shi ne su ga haka su rubuta "ɗan Ingila". Ingila yanki ne guda. Ita da Scotland da Wales ke kan tsibiri ɗaya, Ireland tsibirinta daban.

Malama Ta Zazzau: In takardar mai mulki ce hujja, Abubakar Imam fa? A 1911 aka haife shi a Kagara, Turawa na mulki. Wa ya taɓa kiran sa marubucin Birtaniya?

Ɗan Lauya: Misalin bai zauna daidai ba. A lokacin Arewa ƙasa ce da ke ƙarƙashin kariyar Birtaniya kawai, ba ta da wakili ko ɗaya a majalisar Landan. Ireland kuwa kujeru 100 aka ba ta tun ranar haɗewa. Shaw da kansa ya yi kansila a unguwar St Pancras ta Landan daga 1897 zuwa 1903.

Kawu Mai Littafi: Ku ƙyale takarda ku saurari muryar mutumin. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. A 1904 ya rubuta wasan John Bull's Other Island bisa roƙon W. B. Yeats, marubucin waƙoƙi ɗan Ireland, don a nuna a Dublin, sai dai a Landan aka fara nuna shi. Wasan a kan Ireland ne, kuma babu wanda ya tsira daga zolaya, Baturen Ingila da mutumin Ireland duka. A 1932 shi da Yeats suka kafa majalisar marubutan Ireland. A 1946 birnin Dublin ya karrama shi da 'yancin gari, ya karɓa, alhali a shekarar nan ya ƙi lambar girmamawa ta Birtaniya. Wannan gidan dai bai bar shi ba.

Baban Sadiya: Kawu, Allah ya ƙara girma, amma tsuntsun nan a bishiyar wa ya yi sheƙa? Wasansa Pygmalion labarin 'yar tallar furanni ce a Landan, kuma gaba ɗayansa a kan karin harshen Ingila aka gina shi. Ƙungiyar Fabian da ya shiga a 1884 ta siyasar Birtaniya ce. Dublin ta tuna da shi ne bayan kyautar Nobel ta 1925. Mai nasara ai ba ya rasa dangi.

Malama Ta Zazzau: To a raba tambayar uku, kowace da amsarta. Asali: Ireland, babu ja. Takarda: Birtaniya daga haihuwa, daga baya a shekarun 1930 ya haɗa da ta Ireland, gida biyu maganin gobara. Wurin aiki: dandalin wasan Landan. Mai rubuta gabatarwa ya sa "marubuci ɗan Ireland da ya yi rayuwarsa a Ingila", shi ke nan. Da ka ce "ɗan Birtaniya" kawai, mai karatu zai ɗauka Ba'ingile ne.

Kawu Mai Littafi: Ku duba wasiyyarsa ma. Ragowar dukiyarsa wurare uku ta tafi: gidan tarihin Birtaniya, makarantar wasan kwaikwayo ta RADA a Landan, da gidan zane-zane na ƙasa da ke Dublin, inda yake yawan zuwa yana yaro.

Baban Sadiya: Biyu da ɗaya ke nan, Kawu. Landan ta ci.

Kawu Mai Littafi: Ɗana, rabon gado muke yi ko ƙwallo?