Bayan tiyatar rage tumbi, minti nawa ya kamata mutum ya ɗauka yana cin abinci?

Maman Ilham ta rubuta:

Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah ina neman shawarar waɗanda suka riga ni yin aikin nan ko ma'aikatan lafiya in akwai a cikinmu. An yi min tiyatar rage tumbi a Alkahira, irin wadda ake yanke yawancin tumbin a cire wato silib, yanzu na kusa wata uku, alhamdulillah nauyi yana sauka gwiwoyina sun sarara, suga ma ya daidaita har an rage min magani. Damuwata ɗaya ce, cin abinci. Tunda na bar ruwa-ruwa da markaɗaɗɗe na koma abinci mai ɗan tauri, in na ci yadda na saba loma uku zuwa huɗu sai in ji abu ya tokare min daidai ƙahon zuci, yawu mai kumfa ya dinga taruwa a bakina, wani lokacin sai na yi amai nake samun sa'ida. To shi ne na koma ajiye filet a gefena ina tsakura ina aikina ina dawowa, wani lokacin fiye da awa ɗaya ina kan filet ɗaya, kuma a haka ina cinye shi tas ba ciwo ba amai. Ni dai na ji daɗin hakan amma ƙanwata ta ce tana ganin abin da nake ci yanzu ya fi ƙarfin wadda aka yi wa aiki. Takardar da aka sallamo ni da ita cewa kawai ta yi a ci a hankali, ba a faɗi minti nawa ba. Wai shin akwai ƙa'ida ne ko kowa da yadda jikinsa ya karɓa? Na gode Allah ya bar zumunci.

Ummu Sadiq ta rubuta:

Wa alaikumus salam, sannu da jiki 'yar uwa Allah ya ƙara lafiya. Gaskiya ƙanwarki ta fi ki gaskiya a nan. Nima silib aka yi min shekara uku kenan, abin da masaniyar abincin da ke duba ni ta kafa min tun farko shi ne minti 20 zuwa 30, kar ki gama ƙasa da 20 kar kuma ki wuce 30, in lokaci ya cika ko da saura a filet ki rufe ki kai kicin, ba ki sake komawa kansa sai lokacin cin abinci na gaba. Wannan na ajiye filet a gefe ana tsakura yana cikin manyan abubuwan da ke dawo wa mutane da ƙiba bayan shekara ɗaya biyu, saboda kina ci yana wucewa hanji kina ƙara wani, ba za ki taɓa jin kin cika ba. Kin san yadda ake ɗura man gyaɗa a kwalba da mazurari, in kika kwara da ƙarfi zai yi ambaliya, in kuwa kika bi a hankali ba tsayawa to galan guda ma sai ya shige. Amai da kike yi shi ne na farkon, awa ɗayan da kike yi shi ne na biyun.

Sannan abin da ba kowane likita zai gaya miki ba, musamman na waje da bai san cimarmu ba, mu fa ba tauna tuwo muke ba. Tun muna yara gutsura ake a murza a dangwala a miya a haɗiye, balle in miyar kuka ce ko kuɓewa mai yauƙi ai kafin ki ankara ta zurara da shi. Haka ɗanwake, haka sakwara da teba. Hannu ya saba, maƙoshi ya saba, shekara talatin arba'in ana haka, to yanzu kuma wurin da lomar za ta sauka ya zama ɗan siriri. Ni sai da na ajiye tuwo gaba ɗaya na watanni, da na dawo masa kuma da cokalin shayi nake ci, rabin cokali, in tauna shi har ya narke ya zama kamar kunu a baki sannan in haɗiye, in ajiye cokalin a filet in naɗe hannu in jira kamar minti ɗaya. Ajiye cokalin nan kar ki raina shi wallahi, muddin yana hannunki za ki kai shi baki ba ki sani ba.

Ki fara da nama ko kifi ko ƙwai ko alale ko awara, sai ganye, tuwo da shinkafa su zo ƙarshe in da sauran wuri. Yawanci ma ba a samun sauran wurin.

Sista Hadiza ta rubuta:

Sannu Maman Ilham. Ni nas ce a Ingila, ina aiki a sashen tiyata kuma muna karɓar masu irin wannan aikin, bari in ƙara a kan bayanin Anti Ummu Sadiq don ta yi magana daidai. A silib ana cire wajen kashi 75 zuwa 80 cikin ɗari na tumbi, abin da ya rage ɗan bututu ne da ba ya buɗewa kamar da, kuma a watannin farko akwai sauran kumburi a layin ɗinkin. Ɓangaren da aka cire shi ne ya fi samar da sinadarin da ke sa jin yunwa, shi ya sa da yawa ba sa jin yunwa sosai a farko, amma shi saƙon ƙoshi daga ciki zuwa ƙwaƙwalwa yana ɗaukar wajen minti 20, kin ga in kin gama cikin minti biyar kin riga kin wuce iyaka kafin jikinki ya sanar da ke. Kumfar da kike gani yawu ne da majinar maƙoshi da suka rasa hanyar wucewa saboda abinci ya tare ƙofa.

A nan akwai ƙa'idar da ake koya wa marasa lafiya mai sauƙin riƙewa, komai ashirin ashirin, loma kar ta fi faɗin kwabon nan na Ingila na feni 20, wato dai kamar farcen babban yatsanki, a tauna sau 20, a dakata tsakanin loma da loma, a tashi bayan minti 20. Wasu asibitocin suna cewa har 30, duk ɗaya ne, abin da ba wanda ya yarda da shi shi ne awa guda.

Ki koyi alamominki na cika, don yanzu ba irin ƙoshin da ba ne na ciki ya yi nauyi. Wasu shaƙuwa ce ke zo musu, wasu gyatsa, wasu hanci ya fara yoyo ko atishawa, wasu su ji ɗan matsi a ƙirji ko kafaɗar hagu. Da kin ji ɗaya daga ciki ki tsaya, ko lomar tana bakinki ki fitar da ita, loma ɗayan nan ce ke raba lafiya da amai.

Ruwa kuma kar ki haɗa shi da abinci, ki tsaya da sha kamar minti 30 kafin ci, ki jira wani 30 bayan kin gama. In kin kora da ruwa ko dai ya cika wurin ki yi amai ko ya wanke abincin ya tura shi gaba ki sake neman wani. A tsakanin abinci ki dinga kurɓa kaɗan kaɗan har ki haɗa lita ɗaya da rabi zuwa biyu a yini, da zafin garinmu ma gara biyun. Lemon kwalba mai gas a bar shi.

Abin da na fi so ki riƙe shi ne wannan, in kin gyara saurin ci da girman loma amma aman bai tsaya ba, ko ya kai ko ruwa ba ya zama, ki koma asibiti kar ki ce bari ki gani. Wani lokacin bututun ne ke tsukewa ko ya murɗe, ana dubawa da hoto ko kyamarar da ake zurawa ta baki kuma ana iya buɗa shi. Yawan amai yana ƙarar da bitamin B1 a jiki cikin sati biyu zuwa uku kawai, rashinsa kuma yana taɓa ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, mutum ya fara rikicewa, gani bibbiyu, tafiya tana tangaɗi, ƙafa tana mutuwa. Dan Allah in aka ce za a yi miki ƙarin ruwa ki faɗa musu an yi miki tiyatar tumbi kuma kina amai, a ba ki B1 kafin a sa ruwa mai suga, don sa sugan da fari yana iya tsananta abin. Na san halinmu na zuwa kemis a ɗaura ruwa a gida, a wannan yanayin kar a yi.

Baban Khalifa ya rubuta:

Allah ya ba da lafiya Hajiya. Ni nawa baifas ne, wato wanda ake ware 'yar jaka a saman tumbi a haɗa ta kai tsaye da hanji, a Indiya aka yi, namu ma ya fi naku ƙanƙanta don 'yar jakar da ake bari ba ta wuce mililita 30 ba a farko, cokali biyu na cin abinci kenan. Mu in muka yi sauri ko muka sha zaƙi akwai abin da ke kama mu ana ce masa damfin, abinci ya faɗa hanji gaba ɗaya, cikin minti 10 zuwa 30 sai zufa ta karyo zuciya na bugawa jiri murɗar ciki wani lokacin har gudawa, akwai kuma wanda ke zuwa bayan awa ɗaya zuwa uku suga ya faɗi ƙasa jiki na rawa. Masu silib ma yana samun wasu ko da bai kai namu ba, don haka shayi mai kauri da madara da suga, kunun zaƙi, fura da aka zambaɗa wa suga a kiyaye.

Ni abin da ya fi ba ni wuya ba abincin ba ne, cin tare ne. A kasuwa tire ɗaya muke sa hannu mu biyar shida, kuma kowa ya san in ka tsaya tauna sau ashirin ka ɗago ka tarar an sharce tire, to ko ba ka so hannunka zai bi na mutane. Sai na ce a dinga ɗibar min nawa a ɗan kwano, ina zaune a cikinsu ana hira amma kwanona daban. Da farko an yi ta magana wai na zama bature wai ƙyamar mutane nake, na zaunar da su na yi musu bayani, yanzu su da kansu suke cewa yaro ɗebo wa Alhaji nasa. Ki samu maigida da yara ki yi musu bayani haka, musamman masu cewa ci mana ai ba ki ci komai ba, don kara ce ke sa mutum ƙara lomar da za ta wahalar da shi. Tsire da kilishi da gasasshen nama busasshe ki ɗaga musu ƙafa tukuna, farfesun kaza ko kifi da ya dahu luguf ya fi sauka. Burodi sabon gashi ma yana dunƙulewa ya tsaya.

Maman Ilham ta rubuta:

Kai na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri, Anti Ummu Sadiq maganar tuwon nan kamar kina gidanmu, ranakun da na fi yin amai duk ranakun tuwo ne da shinkafa. Sista ruwa yana zama lafiya lau da kunu da kindirmo, mai tauri ne kawai ke tokarewa. Amma tambayata in na tashi a minti 30 abin da zan ci ba zai fi cokali biyar shida ba, anya ba zan galabaita ba? Ga gashina ma ya fara zuba. Sannan azumi fa in ya zo ya zan yi da buɗa baki, ga ƙishirwa ga yunwa ga an ce kar a haɗa ruwa da abinci?

Sista Hadiza ta rubuta:

Tunda ruwa yana zama to alama ce mai kyau, amma duk da haka ki sanar da likitanki maganar aman, in kin gwada sati ɗaya biyu a sabon tsarin bai daina ba a duba ki. Cokali biyar shida a wata na uku ba abin tsoro ba ne, haka ake tsammani, zai ƙaru da kansa a hankali. Maganin ƙarancin ba tsawaita zama ba ne, ki tsara lokuta, manya uku safe rana dare da ƙananan ci ɗaya ko biyu a tsakani, kowanne da lokacin farawa da na tashi, ki sa agogon waya in ya yi ƙara ki rufe kwano. Abin da ake so ki haɗa furotin, wato sinadarin gina jiki, giram 60 zuwa 80 a yini, ƙwai ɗaya wajen giram 6 ne kin ga sai an yi lissafi, ki haɗa da kindirmo marar suga, madara, awara, kifi, wake da ya dahu sosai, in bai kai ba a ƙara da garin furotin da ake damawa. Zubar gashi tana yawan zuwa daga wata na uku zuwa na shida saboda saurin ramewa kuma yana dawowa, ki dage da furotin da ƙwayoyin bitamin ɗinki kullum, a kuma yi gwajin jini a ga ƙarfen jini da bitamin B12 da sauransu.

Azumi kuwa yawancin likitocin wannan fanni suna cewa a haƙura da shi a shekarar farko bayan aiki, saboda tsakanin magariba da asuba ba za ki iya haɗa ruwan da furotin ɗin da jikinki ke buƙata da ɗan wannan tumbin ba, ga haɗarin bushewar jiki, ga kuma saurin ci a buɗa baki da ba kowa ke iya riƙe kansa ba. Ki yi magana da likitanki ya duba yanayinki, sannan ki tambayi malami kan hukuncin ramuwa, marar lafiya dai an yi masa rangwame. Ranar da aka ba ki izini sai ki buɗa da ruwa kurɓi kurɓi, ki yi sallar magariba ki ɗan jira, sannan ki zauna wa abincin minti ashirin ɗinki.

Ummu Sadiq ta rubuta:

Ƙari ɗaya na manta, abinci yana hucewa kafin ki kai minti 20 kuma nama in ya huce tauri yake ƙarawa, ni ƙaramin kwanon tangaran nake ɗorawa a kan wani mai ruwan zafi, ko in bar rabi a cikin kula in ɗebo in na gama na farko. Ki kuma kashe talabijin ki ajiye hira a waya lokacin ci, in hankali ya tafi wani wuri taunar ce ke fara raguwa. In kin gwada ki dawo ki ba mu labari.