Bam mai tada gobara a yaƙin duniya na biyu: don me rairayi, ba ruwa ba?

Mai Walda, Katako:
Assalamu alaikum jama'a. Wani yarona ya nuna mini bidiyo a waya, na lokacin da jiragen Jamus suke luguden wuta kan Landan a 1940. Na ga wani abu kamar guntun bututu yana ci da farar wuta a titi, sai wani mutum ya zo da shebur mai doguwar ƙota ya zuba masa rairayi. Ga ruwa a garin, ga kogi. Don me rairayi? Kuma yaya abu ɗan mitsitsi haka zai ƙone gari? Kullum da wuta nake aiki, shi ya sa abin ya tsaya mini a rai.

Tsohon pompiye, Tawa:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Bam ɗin da ka gani kilo 1 ne tak. Jikinsa maganiziyam ne, wani ƙarfe mara nauyi mai cin wuta, cikinsa kuma tarmit, wato garin alminiyo da tsatsar ƙarfe, irin wanda ake walda layin dogo da shi. Tarmit ba ya jiran iska, da tasa iskar yake ci, zafinsa ya haura digiri 2,000. Shi ne yake kunna jikin bam ɗin, sai ƙarfen kansa ya zama makamashi. Ka kwara masa bokitin ruwa, sai ya fashe ya watso maka narkakken ƙarfe a fuska. Rairayi kuwa rufe shi yake yi, ka kwashe da shebur, ka sa a bokiti mai rairayi a gindi, ka fitar waje.

Amma sun yi amfani da ruwa ma. Akwai ɗan famfon hannu da ake tsomawa a bokiti, mutum uku ke aikinsa: ɗaya na bugawa, ɗaya na kawo ruwa, na uku ya ja ciki ya matsa da bakin tiyo. Yayyafi yake yi wa bam ɗin don ya cinye da wuri, sannan ya jiƙa katako da labulen da ke kewaye. Abin da ake tsoro shi ne rufin ɗaki, don bam ɗin yana huda shi ya kwanta cikin silin inda ba mai gani.

Malamar tarihi, Yantala:
Baba pompiye, sannu da bayani. Bari in ƙara kan yawansu, don nan matsalar take. Jirgi ɗaya yana ɗauko ɗaruruwa. Daren 29 ga Disamba 1940 an tashi gobara kusan 1,500 a Landan. An fasa manyan bututun ruwa, kuma kogin Tems ya janye, sai 'yan kwana-kwana suna jan tiyo cikin taɓo suna neman ruwa. Duk wanda ya ga kogin Isa a 1985, lokacin da ya daina gudu a nan Yamai, zai gane halin da suka shiga. Cocin Sen Pol ya tsira saboda masu sa kai da suka kwana a samansa suna kashe kowane bam tun yana ƙarami, alhali shaguna da ofisoshin da aka kulle aka tafi hutu sun ƙone ƙurmus. Shi ya sa a farkon 1941 aka mai da gadin gobara dole.

Abin da ya fi ba ni takaici: motocin wani gari su zo taimako, a tarar bakin tiyonsu bai shiga na garin ba. Sai a Agusta 1941 aka haɗe rundunonin 'yan kwana-kwana wajen 1,600 suka zama ɗaya.

Mai Walda, Katako:
Allah ya saka da alheri. To ke nan da rairayi da bokiti an gama da shi?

Tsohon pompiye, Tawa:
Ina! Da Jamusawa suka ga ana kashewa, sai suka fara sa wa wasu nakiya a ciki, ta tashi da wanda ya matso. Dole aka koma harba ruwa daga bayan bango.

Kuma idan wuta ta haɗe da 'yar'uwarta, ba bokitin da zai yi. A Hambug ta Jamus, Yuli 1943, jiragen Ingila sun tada wutar da ta zama guguwa, tana zuƙe iska har mutane suka shaƙe a ɗakunan ƙarƙashin ƙasa, wajen mutum 40,000 suka rasu. A Tokiyo, daren 9 zuwa 10 ga Maris 1945, Amurka ta zuba napam, fetur mai danƙo da ke manne wa duk abin da ya taɓa, kan gidajen katako da takarda. An koya wa mutanen unguwa su tsaya su yi layin miƙa bokiti, kuma da yawa tsayawar ce ta ci su. Kusan 100,000 suka mutu a dare ɗaya.

Kai da kake tsakiyar katako da bidon esanshi, ka aje rabin duro na busasshen rairayi kusa da injin walda, da shebur a cikinsa. In wuta ta fi ƙarfin shebur, ka fitar da yara, ka kira 18, lambar 'yan kwana-kwana.