Fitilar SRS (ta gargaɗin jakar iska a mota) ta ƙi mutuwa: abin da masu gyara suka yi ittifaƙi a kai

Shawara ta farko: kada a taɓa komai sai an jona na'urar bincike mai karanta SRS, domin ƙananan na'urorin binciken mota na gama-gari (OBD2) injin kawai suke dubawa. Sannan a kashe mota, a cire kan baturi na ƙasa (negatif), a jira minti 3 wutar da kwakwalwar jakar iska ta ajiye ta sauka.

Mafi yawan matsalar tana ƙarƙashin kujera. Soket ɗin wayoyin SRS mai ruwan ɗorawa da ke wurin yana saki saboda tura kujera gaba da baya, ko ya yi tsatsa bayan wankin ciki. A zare, a goge, a mayar har ya ce ƙas. Idan hon da maɓallan sitiyari sun mutu tare da fitilar, naɗaɗɗiyar wayar cikin sitiyari ce ta tsinke.

An ja kunne sosai: kada a ɗora mitar awon wuta a kan jakar iska ko na'urar da ke tsuke bel a hatsari, akwai sinadarin fashewa a ciki. Bel ɗin da ya tsuke a hatsari sauya shi ake yi. Masu liƙa rezista (ɗan abin rage wuta) ta ohm 2 a madadin jakar iska don fitila ta mutu, abin da ake yawan samu a motocin tokumbo, ran direba suke wasa da shi.