Ɗalibai sun yi wa azuzuwa yawa: a ɗora bene ko a gina sabon layi?

Sakataren Kwamiti:
Assalamu alaikum. Firamare ce ta gwamnati mai azuzuwa 6 a jere, kowane aji yara sun kai 80. Biyu daga ciki rufinsu na yoyo, bangon ɗaya ya tsage. Wasu na cewa a yaye kwano a ɗora bene, wasu kuma a gina sabon layi a gefen fili. Kuɗin ba zai ɗauki duka ba. Masana, da wanne za a fara?

Injiniya:
Wa alaikumus salam, Malam Sakatare. Kada a yi maganar bene sai an ga abin da ke ƙarƙashin ƙasa. A haƙa rami a jikin bango, a kusurwoyi da tsakiya, har a kai gindin harsashi, injiniyan gini ya auna faɗinsa da zurfinsa, ya duba irin ƙasar. Yawancin azuzuwa marasa bene bulo ne ke ɗauke da rufin, babu ginshiƙan kankare masu rodi. Kwano da katako ba su da wani nauyi, amma dekin bene, wato shimfiɗar kankare, mai kaurin santimita 15 yana kai kilo 360 a kowace murabba'in mita, tun kafin a sa bango, benci da yara.

Tsagar nan ma a dube ta da kyau. Siririya kamar gashi, a filasta kawai take. Wadda ta bi layin bulo kamar matakala, ko ta fi buɗewa a sama, alama ce harsashi na zaunawa. A shafa ɗan siminti a kan tsagar, a rubuta kwanan wata. Idan ya sake tsagewa cikin 'yan makonni, ginin na motsi, bene ya fita daga lissafi.

Shawarata: a fara da rufin da ke yoyo, domin ruwa ne ke ruɓar da katako ya jiƙa bango. Sannan sabon layi, amma a zuba masa harsashi da ginshiƙan da za su ɗauki bene nan gaba.

Malama Mai Tsare-tsare:
Ina tare da Injiniya. Sai dai a yi lissafi tukuna. Yara 480, a 40 kowane aji, azuzuwa 12 ke nan. A ɗauko rajistar 'yan aji ɗaya ta shekaru biyar baya a ga yadda suke ƙaruwa, kada a gama gini ya cika a shekarar farko.

Aji mai mita 7 da 9 ya wadatar da yara 40 zuwa 45. Kada a ƙara tsawo don a cusa yara, na baya ba za su ga allo ba. Tagogi su kasance a bango biyu masu fuskantar juna, su kalli kudu da arewa, girmansu ya kai kusan kashi ɗaya cikin biyar na faɗin daɓe. Ƙofa ta buɗe zuwa waje.

Abin da ake yawan mantawa shi ne banɗaki. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce ɗaya ga 'yan mata 25, ɗaya da wurin fitsari ga maza 50, da ruwa lita 5 ga kowane yaro a yini. A lissafinku lita 2,400 ke nan kullum. Idan masai ne, ya nisanci rijiya da kamar mita 30. Yarinyar da ta fara girma, in babu keɓantaccen banɗaki, gida take zama.

Magini:
Ranka ya daɗe, a sa ido ranar zuba kankare. Siminti ɗaya, yashi biyu, tsakuwa huɗu, da kwano guda ake aunawa, ba da ido ba. Kada a bari a tsinka shi da ruwa don sauƙin zubawa, ƙarfinsa ke tafiya. A riƙa ba shi ruwa aƙalla kwana 7, cikakken ƙarfinsa sai kwana 28. A shimfiɗa leda kafin daɓe saboda danshi, a shafa wa katakon rufi maganin gara. Aikin rufi a bari sai hutu, sabon layi kuma a katange shi da kwano, yara ba sa ganin rami su kauce.