HUD da Hausa: me za mu kira shi?

1/ Jama'a, ku zo ku taya ni neman kalma. Kwana uku ke nan ina rubuta ɗan bayani kan yadda ake gano abin da ke sa kwamfuta ta riƙa sarƙewa ana tsaka da wasa, ina zuwa kan HUD sai alƙalami ya cije. Ina nufin lambobin nan da layukan da ke fitowa a kusurwar allo, a kan wasan kansa, suna gaya maka halin da injin yake ciki.

2/ Sunan, wato head-up display a Turance, daga jiragen yaƙi ya zo. Akwai gilashi a gaban matuƙi da ake haska masa gudu da nisansa daga ƙasa, don kada ya sunkuyar da kai ya duba mitoci. Shi ya sa wani ɗan'uwa ya yi maza ya ce "allon ɗaga kai". Na ce masa Malam, mai wasa ai ba ya sunkuyawa ko'ina, kansa a ɗage yake tun farko. Ba a jirgi muke ba.

3/ Wanda nake magana a kai shi ne na Mesa, tarin direbobin hoto na Linux, wato manhajojin da ke sarrafa katin hoton kwamfuta, da kowa ke iya buɗe cikinsu ya karanta, ya kuma gyara. Brian Paul ne ya faro Mesa a 1993. A 2013 Marek Olšák ya saka wa ɓangarenta da ake kira Gallium wannan abin. Ba ka girka komai. A wurin rubuta umarni, kafin sunan manhajar da za ka kunna sai ka rubuta GALLIUM_HUD=fps,cpu, shi ke nan, zane biyu su bayyana, ɗaya a ƙarƙashin ɗaya: hotuna nawa ake zanawa a sakan, da nauyin da ke kan firosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar. In ka sa help a madadinsu, ya jero maka duk abin da zai iya nunawa a kwamfutarka.

4/ Da farko yawancin abin da yake nunawa lissafin cikin gida ne na direba, da ɗan abin da ya shafi firosesa. A 2016 Steven Toth ya ƙara masa karanta jikin na'urar kanta, aka fitar da shi a Mesa 13.0: zafi, ƙarfin wuta da yawan wutar da ake ja, ta hanyar manhajar karanta sensa mai suna lm-sensors, abin da ake karantawa da rubutawa a faifai, abin da ke shiga da fita ta layin intanet, da gudun da firosesa ke yi a wannan lokacin. Wannan ƙarin ne ya sa sunan ya dame ni, don daga nan abin ya wuce ƙirga hotuna, ya zama wurin sa ido a kan injin gaba ɗaya.

5/ Ga abin da ya sa nake ƙaunarsa. Tsohuwar laftof ɗina wasa yakan tafi sumul na minti ashirin, daga nan ya fara tsalle-tsalle kamar mai ɗingishi. Na zargi direba, na zargi wasan, har na zargi Linux ɗin kansa. Da na jera zafi da gudun firosesa da yawan hotuna a allo guda, sai na ga abin da idona: layin zafi yana hawa a hankali, yana haura 90 sai layin gudu ya rufto ƙasa, na hotuna ya bi shi. Firosesa ce ke rage wa kanta gudu don kada ta ƙone. Na buɗe bayan laftof ɗin, na tarar ƙura ta yi wa bakin fanka dam kamar auduga. Da a ce fita na riƙa yi daga wasan ina duba zafin, kafin in duba ya sauka, ba zan taɓa kama ɓarawon ba.

6/ To, kalmomin da aka kawo.

7/ "Ma'auni". Ita aka fi kawowa, kuma ita na fi jinkiri kafin in ƙi. Matsalarta ita ce abin nan ba shi ke aunawa ba. Mai awo wani ɗan sensa ne a cikin firosesa ko katin hoto. Linux ya karɓa daga gare shi ya ajiye a wani fayil a ƙarƙashin /sys/class/hwmon. In ka buɗe temp1_input za ka ga lamba kamar 54000, wato digiri 54, don kowane digiri an kasa shi dubu. HUD ɗin karantowa kawai yake yi, duk rabin sakan in ba ka canza ba, ya zana. In muka kira shi ma'auni, ranar da muka zo fassara sensa me za mu ce? Mun kashe kalmar a inda ba gurbinta ba.

8/ "Taga". A'a. Mun riga mun ba wa akwatunan manhaja da ake ja da linzami wannan sunan. Wannan kuwa ba ya jawuwa, ba ya rufuwa da dannawa. Direba ne ke jira wasa ya gama zana hotonsa, kafin a miƙa wa allo sai ya zana nasa a kai. In ka ɗauki hoton allo da shi za ka ɗauka.

9/ Wata 'yar'uwa ta kawo "yana", irin wadda ke kwanciya a saman ruwa. Gaskiya Malama ta burge ni, don abin shara-shara ne, kana hango wasan ta bayansa. Amma yanar gizo ta riga mu, duk wanda ya ji "yana" a zancen kwamfuta can hankalinsa zai tafi. Ga kuma yanar ido, wadda aikinta hana gani. A rubuce ma ba ka bambanta ta da "yana" na "yana zuwa".

10/ "Lulluɓi" da "rufi" duk ɓoyewa suke yi. Na wuce su.

11/ "Dashbod". Wani dattijo a cikinmu ya ce, yaro, me ya kai ka wahala, kowa ya san dashbod. Baba yana da gaskiya ta fuskar aiki: zafi, gudu, wuta, duk a wuri guda. Ni ba na ƙyamar aro, ga shi tun ɗazu nake cewa sensa da fanka da direba. Sai dai dashbod shi ne ainihin abin da ake sunkuyawa a duba, wato abin da aka ƙirƙiri HUD don a huta da shi. Kuma akwai manhajojin sa ido masu cika allo su kaɗai, su suka fi cancantar sunan.

12/ Inda na tsaya: allon ɗori. Daga ɗora. An gama abu, an ɗora wani a kansa, na ƙasan bai ɓace ba. Haka muke cewa ɗari da ɗoriya. Yana faɗin yadda abin yake aiki, bai kuma ɗaure mu da abin da ake nunawa a ciki ba. Wannan na da amfani, don ba na Gallium kaɗai ba ne. OpenGL da Vulkan hanyoyi biyu ne da wasanni ke bi su zana hoto; shi na Gallium wasannin OpenGL yake yi wa aiki. Na Vulkan akwai MangoHud, wanda shi ne ke fito da lambobin nan a na'urar wasa ta hannu mai suna Steam Deck. Duk allon ɗori ne.

13/ Na gwada shi a jimla, don kalma a baki ake sanin ta. "Kunna allon ɗori mu ga zafin katin." "An ƙara wa allon ɗorin Mesa karatun sensa." "Kashe ɗorin nan, ya tare mini taswira." Ta ukun ce ta kwantar mini da hankali, don tun ban nema ba bakina ya yar da "allon" ya bar "ɗori".

14/ Na san abin da za ku ce, an ma riga an faɗa: ɗori ai na karaya ne. Haka ne, kuma duk daga ɗora ɗin suka fito. Ban ga mai jin "allon ɗori" a zancen wasa ya tafi neman wanda ya karye ba. Ƙorafin da ya fi wannan nauyi shi ne na wanda ya ce ba allo ba ne na biyu, rubutu ne a kan allo ɗaya, don haka "ɗorin allo" ya fi daidai. Malam, ka kama ni. Nahawu yana bayanka. Amma "ɗorin allo" a kunnena kamar mai gyaran waya ne ya ɗora sabon gilashi a kan fasasshe.

15/ A rubutun nawa zan sa allon ɗori, in ambaci HUD sau ɗaya a farko don mai neman ƙarin bayani ya san abin da zai rubuta. Saura wannan rage gudun da firosesa ke yi in ta ji zafi. Na rubuta "ja da baya", na goge, na rubuta "sassauci", shi ma bai zauna mini ba. Wa ke da ita?