Takobina na ratsa ɓera amma ko a jikinsa

Salamu alaikum 'yan'uwa. Na baro wasan bidiyo na Elden Ring na kama wani mai suna Morrowind saboda yadda ake ta koɗa shi. To ga ni gaban ɓera, ina kai sara, da idona nake ganin makamin ya ratsa shi, amma sai ƙarar iska, layin jininsa ko gezau. Wasan ne ya lalace? In daure ko in goge shi?

Wani tsohon hannu:
Wa'alaikumus salam ƙanena. Lafiyarsa ƙalau. Wasan 2002 ne, kuma duk saran da ka kai, ƙuri'a kwamfuta ke jefawa a ɓoye. Tana duba ƙwarewar jaruminka a irin makamin da ke hannunsa, da Agility (zafin nama), da Luck (sa'a), sai koren layin nan na Fatigue da ke raguwa in ya gaji. Yawancin sababbi gudu suke sha har koren ya ƙare, su faɗa faɗa a gajiye. Taka a hankali ya cika tukuna. Sannan wace ƙwarewa ka zaɓa? In Long Blade (dogon takobi) ce, ajiye wuƙar nan da kowa ke ɗauka a ofishin Seyda Neen, garin da ake fara wasan, ita Short Blade (gajeren makami) ce.

Wata 'yar'uwa:
Yaya, ka yi bayani, amma tsarin dai bai yi ba. Bethesda, masu wasan, da kansu suka watsar da shi a Oblivion, wasan da ya biyo bayansa, a 2006. In ƙuri'a za a jefa, a jefa a fili. Baldur's Gate 3 kafin ka kai hari zai nuna maka kashi nawa cikin ɗari gare ka, in ka kuskure ba ka da bakin magana.

Wani kuma:
Ni fa ina ganin Morrowind ya fi kusa da zahiri. Jaruminka fursuna ne da aka sauke daga jirgi yau, ina ya koyi takobi? A Elden Ring yatsunka ne ke faɗa, shi ya sa gwanaye ke gama shi ba su ƙara mataki ko ɗaya ba. Laifin Morrowind ɗaya: ba ya nuna ɓeran ya goce, sai ka ga kamar an cuce ka. In kana son tsaka-tsaki, gwada Kingdom Come: Deliverance na 2018. Jarumin wasan, Henry, ɗan maƙeri ne, sai ya sha horo, kai ma ka koyi tarewa. Sai dai babu tsafi a ciki.

Tsohon hannun:
Kar ka goge. Nemi mai horarwa a garin Balmora na cikin wasan ka biya shi, ƙwarewar ta kai wajen 50, ka dawo ka ba mu labarin ɓeran.