Cire tsohon fenti daga dandamalin katako: waɗanda suka taɓa yi, me kuka tarar?

Sabon Maigida:
Assalamu alaikum. Gidan da muka koma yana da dandamalin katako a bayansa, faɗinsa mita 4, tsawonsa mita 6, kuma wanda ya riga mu zama ya shafe shi da fenti ruwan toka, da alama ba sau ɗaya ba, domin inda ya ɓare ana hango wani ja a ƙarƙashi. Yanzu fentin yana tashi kamar ɓawon itace, musamman a bakin matakala da inda indararo yake zuba. Burina in fito da ainihin katakon in shafa masa mai. Ina roƙon waɗanda suka taɓa yin wannan aiki da hannunsu su ba ni labari.

Uwargida:
Wa alaikumus salam, Malam. Ni kuskurena zan faɗa maka, ko ka tsira daga irinsa. Mun ɗauko hayar injin feshin ruwa mai ƙarfi, muna ganin wuni ɗaya zai raba mu da fentin. Inda fentin ya riga ya saki, ya tashi nan take, amma inda ya kama sosai sai na riƙa matso da bakin injin, har ruwan ya kwashe taushin katakon ya bar jijiyoyinsa a tsaye. Da ya bushe, saman ya yi gashi-gashi, ba ya takuwa babu takalmi, kuma samfefar da muke gudu sai da muka yi ta ninki biyu. Injin yana da amfani wajen ɗauraya kawai, da baki mai baza ruwa, ana tafiya da shi bisa tsawon katakon.

Tsohon Kafinta:
Ɗana, kafin ka taɓa komai ka binciki shekarun dandamalin da na wannan jan fentin. Tsohon fenti yakan ƙunshi dalma. A Amurka sai a 1978 aka haramta irinsa a gidaje, wasu ƙasashen kuwa sun daɗe bayan haka ba su hana ba. Akwai ɗan abin gwaji da ake gogawa a jikin fenti ya canza launi idan da dalma, kuma idan ya nuna, to babu maganar samfefa a bushe ko ƙona fentin da wuta, domin ƙurar da hayaƙin su ne gubar, yara ƙanana kuma suka fi cutuwa. Shi ma katakon abin lura ne. Wanda aka jiƙa da maganin gara mai gubar arsenik, mai ɗan kore-kore, an ci gaba da sayar da shi don aikin gida a Amurka har ƙarshen 2003, kuma ba a ƙona guntayensa ko a shaƙi garinsa.

Idan ka tsira daga waɗannan, sai ka bi katako ɗaya bayan ɗaya da sukurdireba kana dannawa. Inda ta nutse ba tare da wahala ba, wurin ya ruɓe, ba kuma wani mai da zai tashe shi, sai canji. Na sha cire katakon da samansa ya tsattsage in kifa shi, in tarar ƙasansa lafiya lau, ko fenti bai taɓa gani ba. Sannan ka nutsar da kawunan ƙusoshi duka, in ba haka ba ƙusa ɗaya ta isa ta yaga maka samfefa sabuwa.

Mai Fenti:
Baba ya gama magana a kan lafiya, ni zan ƙara a kan maganin cire fenti. Wanda ake sayarwa da sunan wankin dandamali, mai kostik soda, yana cire tsohon mai, amma fentin roba mai hawa biyu yakan gagare shi. Na yi nasara ne da magani mai kauri kamar kunu, na shafa shi a katako uku-uku, na rufe da leda don kada ya bushe, na bar shi gwargwadon lokacin da aka rubuta a jikin gwangwanin, sannan na bi da makankari. Rana ce babbar abokiyar gabarsa, saboda da zarar ya bushe ya daina aiki. Ka guji mai metilin kuloraid, wanda Amurka ta hana sayar wa masu aikin gida a 2019 bayan tururinsa ya yi kisa. Idan kuma ka yi amfani da mai soda, katakon zai yi duhu, sai ka wanke shi da asid ɗin oksalik ya dawo da haskensa. Safar hannu da tabarau dole ne, shuke-shuken gefe kuma a rufe su da tamfol.

Malamin Makaranta:
Ku gafarce ni, amma ni ban ga abin da ya kai wahalar ba. Na yi makonni uku ina kankara, na bi da samfefa lamba 60 mai kaushi sannan 80 mai ɗan laushi, duk da haka fenti ya maƙale a tsagogi da tsakanin katako inda injin samfefa ba ya shiga. Da na gwada mai a gefe guda, sai kowane ɗigon fenti ya fito fili kamar zanzana, domin mai ba ya ratsa inda fenti ya toshe. A ƙarshe na haƙura na shafa rini mai rufe launi gaba ɗaya, wanda ya ɓoye ragowar. Na san shi ma wata rana zai ɓare, tunda a sama yake kwanciya, danshi kuma ta ƙasa yake shiga katakon ya tura shi.

Uwargida:
Malam, gaskiyarka game da tsagogin, mu da wuƙar kankara muka bi su, kwana biyu a durƙushe. Amma yau shekara uku ke nan, duk abin da muke yi shi ne wanki da ƙarin mai hawa ɗaya, ba mu sake kankare komai ba. Abin da ya kusa ɓata mana aiki shi ne yawan man: inda muka bar shi ya kwanta ya yi danƙo har sati, alhali da mun goge rarar bayan kamar minti 20 da ba haka ba. Tsummokaran da aka goge man katako irin na linsid da su kuma kada a dunƙule su a kwandon shara, domin suna yin zafi su kama wuta da kansu. A baza su su bushe ko a jiƙa su cikin bokitin ruwa.

Sabon Maigida:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na gwada jan fentin a wurare uku, babu dalma, sukurdireba kuma ta nutse a katako biyu na bakin indararo, na cire su. Maganin mai kauri ya ɗaga fentin ruwan tokan a shafa ɗaya, jan ya nemi ta biyu. Baba, bayan ɗauraya kwana nawa zan jira kafin in shafa mai?

Tsohon Kafinta:
Aƙalla kwana biyu na rana babu ruwan sama, idan kuma kana da na'urar auna danshi, ka jira ta sauka ƙasa da kashi 15 cikin ɗari. Ka yayyafa ruwa kaɗan bayan samfefa: idan katakon ya shanye shi, zai sha mai. Kada ka wuce lamba 80, domin santsi da yawa yana hana shi sha, kuma ka cika bakin kowane katako da mai, ta nan ruwa ya fi shiga.